Yaya, Ka Ce Mura Ce Kawai

Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina shanya kaya a bayan ɗaki matarka ta kira ni a waya ta ce ka rasu a asibiti. Na ce mata ta daina shirme, ai shekaranjiya muka rabu a ƙofar coci, ka ce mini mura ce kawai. Ashe wata takwas ke nan da likita ya gaya maka ƙodarka ta lalace. A ƙasan akwatin kayan aikinka aka sami takardar asibitin, duk ta sha man keke. Haba Yaya! Ni ƙanwarka, ciki ɗaya, da layi biyu kacal tsakanin gidana da shagonka, ban isa ka gaya mini ba?

Shekara arba'in kana gyaran keken ɗinki. Kowane tela a unguwar nan ya san ka da ɗaure kan keke a bayan basukur, ka kai wa mai shi har gida. Matar nan da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu ta zo gaisuwa tana kuka, ta ce kai ka haɗa mata keke daga tarkacen shagonka, ka zauna sati biyu kana koya mata taka shi. Ba mu taɓa jin wannan daga bakinka ba.

Abin da muka ji daga bakinka har muka gaji shi ne waƙoƙin mutanen dā da ke cikin Nassi, wato Littafi Mai Tsarki, musamman masu maganar kabari da tashin matattu. Ka kwafe su da hannunka a wani littafi mai baƙin bango, kana yawo da shi a aljihu. Ranar auren 'yata aka ba ka minti biyar ka sa albarka, ka yi rabin awa kana bayanin yadda masu kwance cikin ƙura za su farka. Amarya tana harararka, abinci yana hucewa, kai ko a jikinka.

Da ɗana ya rasu a haɗarin mota yana da shekara sha tara, na rufe ƙofa, na daina addu'a. Kullum da safe sai ka zo ka zauna a bakin ƙofata, ka buɗe littafin nan kana karantawa da muryarka mai kaushi. Rana ta tara na fito na ce, "Yaya, don Allah ka tashi ka ba ni wuri. Waƙa ce za ta dawo mini da shi?"

Ka ce, "Ba za ta dawo da shi yau ba. Amma masu waƙoƙin nan sun fi ki yi wa Allah ihu, kuma ba su sake shi ba."

Na ce, "Su sun taɓa ganin wanda ya tashi ne?"

"Ba su gani ba. Tun kafin kabarin Almasihu ya buɗe suka sa rai. Ke kuwa labarin ya iso ki. Zauna."

Na zauna don na rasa yadda zan yi da kai. Wata uku muka yi a haka kafin bakina ya iya cewa amin. Ban taɓa yi maka godiya ba, don na san sai ka ƙara rabin awa.

Ko a mutuwarka ba ka bar ni na huta ba. Ka rubuta a shafin ƙarshe na littafin nan naka cewa ni zan yi karatu a bakin kabarinka, alhali ga fasto, ga 'ya'yanka masu ilimi. Na karanta, Yaya. Na tsallake layi guda, na tsaya ina jiran ka gyara mini kamar kullum, shiru. Sai na koma na karanta shi daidai, kuma na gaskata abin da na karanta: wannan jikin da muka rufe da ƙasa zai tashi, ka ga Mai Cetonka da idonka.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya hutar da kai a wurinsa har ranar tashi. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi haƙuri da taurin kanka shekara talatin da bakwai, da 'ya'yanka biyar da jikokinka, da dukan masu bi da muke sujada tare. Allah ya ta'azantar da ku, ya riƙe gidan. Ni kuma ku sa ni cikin addu'a, domin har yanzu fushi nake yi da shi, kuma jiya na kama kaina na ɗauki hanyar shagonsa zan je in gaya masa.