Abin da na hana ƙanwata faɗa wa likita

A wancan lokacin ni ce uwa a gidanmu na unguwar Ridina. Mahaifiyarmu ta rasu ta bar mu mu biyu, ni da ƙanwata, muka ci gaba da sana'arta ta gyaran jikin amare, dilka da halawa da turare. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina jin Faransanci daidai gwargwado, saboda haka duk wata takarda ko zuwa asibiti ni ake sawa gaba. Na saba in yanke magana a bi. Ƙanwata ba ta taɓa kirana da suna ba, Yaya take cewa, kuma abin da Yaya ta ce ya zauna.

Mu masu jiki ne tun asali, kuma a sana'armu ba abin kunya ba ne. Iyayen amare sukan yi mana tsiya su ce in 'yarsu ta fito da rabin jikinmu, ango ba shi da bakin magana. Amma bayan ɗan ƙanwata na fari ya rasu yana jinjiri, jikinta ya wuce na wasa. A faranti ɗaya muke ci, kuma ita ce ke fara janye hannu, har mutane suna mamakin inda ƙibar ke fitowa. Ni kaɗai na sani. Bayan azahar, in rana ta kori kowa ɗaki, sai ta shiga kicin ta tura ƙofa, ta ci kisra, wainar nan tamu ta dawa, da sauran miya da duk abin da hannunta ya kai, tana ci tana hawaye, ba ta tsayawa sai ta kasa numfashi. Na kai ta wurin malam, daga baya na kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a ɓoye, ya ce ciwon damuwa ne ya rubuta mata ƙwayoyi. A cikin kwalbar turare muke ajiye su, don mijinta bai sani ba.

Da hawan jini da ciwon suga suka haɗu mata, gwiwoyinta suka daina ɗaukarta, aka ba da shawarar aikin rage ciki, wato tiyatar rage girman tumbi. A ƙasar waje za a yi, amma sai wani likita a unguwar Kabalaye ya gama bincikenta ya aika da takardu. Mu uku muka shiga ofishinsa, ni da ita da mijinta. Mijinta Balarabe ne, mutumin kirki, ba ya jin Hausa. Likitan ma ba ya ji. Ya yi tambayoyinsa da Larabci a natse, har ya zo kan ko takan ci abinci da yawa lokaci guda ta kasa tsayawa, ko ta taɓa jinyar damuwa, ko akwai maganin da take sha. Mijinta ya yi dariya ya ce matarsa ko kaza ta fi ta ci. Ita kuwa ta juyo ta dube ni, ta tambaye ni da Hausa, murya ƙasa ƙasa, ko ta faɗa masa maganar kicin da ta ƙwayoyin. Na amsa mata da Hausa ina murmushi, kamar zancen gida muke yi. Na ce ta rufa wa kanta asiri, in ta faɗa za a fasa aikin, dangin miji kuma su ce mahaukaciya aka ba su. Likitan ya tambayi me muke cewa. Na ce masa tana tsoron allura ne. Ya rubuta babu a gaban tambayoyin uku.

Kafin tafiya ta daina shan ƙwayoyin don kada a gan su a jakarta, kuma na sani. Aka yi aiki lafiya, ta dawo da takardar da ta ce ruwa ruwa kawai za ta sha na makonni, kurɓi kaɗan kaɗan. Kwanakin farko ta bi. Sai na ga damuwar nan tata ta dawo, ta daina yi wa amare barkwanci, tana zama tana kallon bango. Abin da take rarrashin zuciyarta da shi an ɗauke mata, ba a ba ta komai a madadinsa ba, domin waɗanda za su ba ta ba su san tana bukata ba. Wata rana na tafi gidan biki na bar ta. Da na dawo na tarar da tukunyar tuwo a kankare, ita kuma a kwance ta riƙe ciki. Ta roƙe ni kada in faɗa wa mijinta, na sake yin shiru har kwana biyu ina ba ta ruwan ɗumi. Da zazzaɓi ya rufe ta muka kai ta asibiti, aka ce ɗinkin ciki ya buɗe. Ta yi kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma bayan sadakar arba'in na koma wurin likitan nan na Kabalaye na faɗa masa komai. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce da ya sani, ba hana ta zai yi ba, jinkirtawa zai yi, a fara jinyar zuciyar da cin abincin, a daidaita maganinta, sannan a yi aikin. Wannan maganar ta fi mini zafi fiye da zagi. Mijinta ma na same shi na faɗa masa. Ya ce da ya sani da shi zai riƙa kai ta karɓar maganin.

Yanzu ina zaune a unguwar Gassi, can gefen gari, kuma ciwon suga ya kama ni ni ma. An ambata mini aikin nan. Da likita ya zo kan tambayoyin, na ce masa tun rasuwar ƙanwata nake ci ba don yunwa ba, kuma akwai ranakun da ba na son tashi daga shimfiɗa. Ya ɗaga aikin, ya tura ni wurin mai jinyar damuwa. Duk mako nakan hau motar haya in yi doguwar tafiyar nan zuwa cikin gari, gwiwoyina suna ciwo, kuma ban fasa ko sau ɗaya ba. In maƙwabta sun tambayi inda za ni, ina faɗa musu.

Na rubuto ne don 'yan uwana mata, musamman mu yayye da ake jin maganarmu. Tambayar da likita ke yi kan cin abinci da halin zuciya ba tonon asiri ba ne, da ita yake sanin ko jiki zai iya ɗaukar aikin. In kina jin nauyin mijinki, ki roƙa ya jira a waje. In kin raka wata, ki bar ta ta amsa da bakinta. Ƙanwata ta so ta faɗi gaskiya, izinina kawai ta nema, ni kuma na hana ta. Ku sa ta a addu'a.