Motar marigayi Alhaji Sule ta tsaya a Ƙofar Kaura

Jama'a, yau na ji kamar na sake rasa aminina Alhaji Sule.

Kabiru, ɗan marigayi Alhaji Sule, ya ɗauko ni za mu ziyarci kabarin mahaifinsa, a tsohuwar motar da Alhaji ya saya shekarar da soja suka sauka. Muna isa Ƙofar Kaura inji ya buga.

Bakaniken da muka kira ya murza baƙin man injin a yatsa, ya ce, "Wa ya zuba wannan tsinkakken? Na sabbin motoci ne."

Kabiru ya dube ni. "Baba, mafi tsada na nemo mata, don darajar Alhaji."

A yawon da na yi daga Agadas har Jidda, mai kauri na ga ana ba tsohon inji. Muka tura motar gefe, muka ƙarasa maƙabarta a ƙafa.