Ruwan Kori Ya Tare Injiniya Illa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shiga aji aka kira ni, wai Injiniya Illa ya rasu jiya.

A bakin kori, rafin nan na damina, ya cika, cikin motar da ta ɗauko shi daga ƙauyensu na wajen Barmou za ta kai shi asibitin Tahoua. Ruwa ya haye sabuwar gada, suka tsaya tun hantsi har la'asar.

Wannan mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana gina manyan gadoji a kan kogi. Da ya yi ritaya, duk shekara nakan roƙe shi ya zo makarantarmu ta lise ya yi wa ɗalibaina magana, bai taɓa cewa a'a ba. Yakan naɗe takarda ya ɗora mata dutse, su ga yadda siffa ke ɗaukar nauyi. Shi ya faɗa musu cewa ƙafar babbar gada da ke cikin ƙasa takan fi wadda ido ke gani tsawo, kuma ana barin ɗan tsagi a jikinta don ƙarfe na miƙewa in rana ta yi zafi.

Ɗalibata guda tana karatun injiniya yanzu saboda shi.

Da ƴan kwangila suka zo awon korin nan, da rani suka zo. Suka auna yashi busasshe suka tahi. Ba su tambayi manomi ko makiyayi ko guda inda ruwa ke kaiwa ba. Illa ya bi su da sandarsa, ya nuna musu tabon ruwa a jikin gawo, sama da kansa. Suka ce lissahinsu na cikin na'ura.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwa ne, yana zaɓen albasa. Ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, "Mushe, gadar nan ta yi wa ruwan ƙasar Ader kaɗan. Ka hana yaranka hawanta in hadari ya taso."

Raina a ɓace yake. Ɗalibaina bakwai ta can suke bi su je gida hutu. Na ji ruwan ya ɓata gadar, kuma za a gyara ta yadda take. Gobe zan kai wa hukuma takarda, a tara dattawan ƙauyen su nuna iyakar ruwa kafin a zuba siminti. Mai son sa hannu ya same ni a lise.

Allah Ya jiƙan Illa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya ƙetarar da shi siraɗi lafiya. Don Allah ku sa shi a addu'a.