Malam Zulkiflu, Mai Kashe Wutar Kwanso

Wata huɗu ke nan magana ɗaya tana yawo a tsakanin Hausawan Doha, daga ɗakunan Najma har benayen Al-Sadd: wai Malam Zulkiflu, dattijon nan mai baƙaƙen farata, harsashi yake haɗawa yana aika wa ɓarayin daji a gida. Har da hoto. Wasu tsinkayen ƙarfe ne a jere kan darduma, ga kwanson harsashi guda ɗaya a gefensu. Duk wanda ka tambaya ina ya ji, sai ya ce ai kowa ya sani. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a sakandare, ban taɓa ba ɗalibi maki don ya rubuta "kowa ya sani" ba. Amma da hoton nan ya shigo wayata na tura wa ƙawayena biyu, sai bayan ya tafi na tuna da wannan ƙa'idar tawa. Shi ya sa na matsa wa surukina ya nemo mini izinin shiga wurin aikin mutumin.

Ga yadda ranarsa take. Yana idar da sallar asuba zai hau motar ma'aikata, ta fita da su can bayan Al Wukair, inda wani kulob yake da filin harbi na masu gasa da masu koyo. Kafin rana ta yi zafi ya bi layin harbi da tsintsiya da bokiti, yana kwashe kwanson da aka zubar jiya. Tagulla ce, kuma kulob ɗin sayar da ita yake yi ga masu narka ƙarfe. Sai dai ba a zuba ta a wuta haka nan. A cikin kwanso dubu ba a rasa harsashi ɗaya ko biyu da suka ƙi tashi, maharbi ya fitar ya yar cikin sauran. Irin wannan in ya shiga tukunyar narka ƙarfe, a fuskar wani zai tashi.

Don haka sai Malam Zulkiflu ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai rai ya jefa shi a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, wanda mai kula da makamai kaɗai ke buɗewa. Wanda aka harba kuwa, akwai ɗan maɓalli a gindinsa, bai fi ƙwayar dawa ba, shi ne bindiga ke doka ya tayar da wuta. Wannan maɓallin yake cirewa. In ya fita, kana ɗaga kwanson za ka hango haske ta cikinsa, ba sai wani ya rantse maka cewa babu komai a ciki ba. Daga nan ya murƙushe bakinsa yadda har abada ba mai iya sake cika shi.

Injin nasa na hannu ne, a ɗaure jikin tebur, da wani tsinken ƙarfe siriri kamar na sakace wanda ke shiga cikin kwanso ya ture maɓallin waje. Na zauna na ga yadda yake saita shi. Yakan sassauta noti, ya sa wani tsohon kwanso da ya ajiye don awo, ya sauke tsinken a hankali har sai ya laluba ya sami ramin da kansa, sa'an nan ya ɗaure.

"In kika ɗaure kafin ya sami hanya, Hajiya, kin karya shi. Shi ma ba ya son tilas."

Akwai kuma wani irin kwanso mai ramuka biyu a ciki maimakon ɗaya a tsakiya, wanda da tsinke ya hau kansa ya lanƙwashe ke nan. Shi ya sa yake leƙa kowanne da 'yar tocila kafin ya ɗora. Bayan la'asar ya kwance injin gaba ɗaya, ya goge baƙin toka, ya shafa mai, ya mayar. Wannan tokar ce ta zauna masa a farata, wadda muka riƙa nuna wa juna da baki a wurin walima.

To, ina hoton ya fito? Tsinken in ya ƙare, sai an yi mako uku ana jiran sabo daga waje, kwanso kuwa yana ta taruwa. Sai ya riƙa tara waɗanda suka lanƙwashe yana tafiya da su ɗaki, ranar Juma'a ya zauna yana miƙar da su, da kwanson awon nan a gefensa. Fita da kwanso daga filin laifi ne, manajansu ya yi masa faɗa a kai, ya kuma amsa laifinsa. Iyakarsa ke nan.

Sunusi direba, abokin ɗakinsa, shi ya ɗauki hoton. Da na same shi a wani gidan abinci a Najma, kasa haɗa ido ya yi da ni.

"Wallahi Mama wasa nake yi. Cewa na yi Baba Zulki zai yi juyin mulki, na saka a gurup ɗinmu na direbobi, aka yi dariya, khalas, shi ke nan."

"Da ka ga wasan ya canza riga fa?"

"Kwana uku kawai, sai ga hoton ya dawo mini daga wani a Kaduna, da wani rubutun daban. Na ji tsoro in ce ni ne."

"Ka ji tsoro. Amma kana kwana ɗaki ɗaya da shi."

Ya ci gaba da juya cokali a kofin shayi. Ban ƙara ba, don ni ma ba a kan tudu nake tsaye ba.

Abin da ya biyo bayan hoton kowa ya gani. Faranti ɗaya da ake haɗuwa a ci ranar Juma'a, sai kowa ya zama ya riga ya ƙoshi. Mai tafiya gida ya daina karɓar saƙon Malam Zulkiflu. Ba wanda ya tare shi ya tambaye shi, sai gaisuwa ta gajarce. Shi kuma bai ce uffan ba, kuma wannan shirun ne ya fi ɗaure mini kai.

"Malam, me ya hana ka buɗe baki ka ce ga aikinka?"

Ya daɗe yana goge tsinken da ya riga ya goge.

"Hajiya, na bar gida da takardar kanikanci. Da na zo, kafil, wato wanda ya ɗauko ni aiki, ya miƙo mini tsintsiya. Sai na ce wa mutanen gida aikin bindigogi nake yi. Ba ƙarya ba ce, amma na san abin da za su ɗauka, na kuwa bar su. Shekara goma sha bakwai suna ganin ofisa ne ni. Da wane baki zan ce musu shara nake kwashewa?"

"To ai ga shi an ƙara maka girma, ka zama ofisan ɓarayi."

Ya yi dariya har da tari. Sa'an nan ya sunkuyar da kai, ya ce maganar ta riga shi isa garinsu, can kudancin Katsina. 'Yan sa-kai sun je gidansa, sun zazzage buhunan hatsi, sun farke akwatunan da ya aika, a gaban matarsa Khadijatu da maƙwabta. Ba su sami komai ba, amma sun ce suna jiran mai gidan. Ga shi ƙarshen watan nan aikinsa zai ƙare, idonsa ya fara gazawa. Khadijatu ta ce in ya sauka Kano ya zauna wurin ƙaninsa, kada ya ƙaraso.

Shaida ta ƙarshe a masana'antar narka ƙarfe na same ta, wurin Hananiya, mutumin Kafanchan, mai kula da tukunya. Ya ja wuyan rigarsa ya nuna mini tabo kamar tafin hannun jariri.

"Mama, wannan buhun wani wuri ne, ba nasa ba. Ɗaya tak ya ɓuya a ciki. Da ya ɗaga sama kaɗan, da yanzu da ido ɗaya nake kallonki. Shi kuwa Baba Zulki, akwai ranar da ogammu ya ce bai yarda akwai mutumin da ba ya kuskure ba. Ya sa aka juye buhunsa uku a ƙasa, mu huɗu muka wuni muna leƙawa. Ko ɗaya. Oga ya ce yalla, ku kwashe, kun ɓata mini rana."

"Ka taɓa ganinsa?"

"Ban taɓa ba. Sunansa kawai nake gani a jikin buhu, in na gani kuwa sai in ji numfashina ya sauka."

Malam Zulkiflu, kai ne mai kashe wuta tun tana kwance. Kai ne ka tsare idanun mutanen da ba su san fuskarka ba, da tocila da tsinke, a ɗakin da ba mai leƙowa ya ce sannu. Ka ji kunyar tsintsiya, alhali ba a nan kunyar take ba. Tana wurinmu, mu masu takardu da manyan wayoyi, da muka ga farcen ma'aikaci muka karanta laifi a ciki. Ni da na koyar da yara cewa a gwada kafin a yarda, yatsana bai jira gwaji ba. Ka yafe mana. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma matasa da aka miƙo muku aikin da bai kai takardarku ba, ku yi shi yadda ya yi nasa, amma ku faɗi sunan aikin da bakinku, kada ku bar wa wasu su raɗa masa. Manajan kulob ya rubuta takardar shaida, Sunusi da Hananiya sun yi magana da muryarsu, mun aika wa mai garin su Malam Zulkiflu. Wanda duk ya tura hoton nan, ya san waɗanda ya tura wa. Ya bi su da wannan rubutun, ɗaya bayan ɗaya. Na fara da ƙawayena biyu.

Malam Zulkiflu bai taɓa cika harsashi ko ɗaya ba. Shekara goma sha bakwai ya yi yana lalata kwanso don kada wani ya cika. Jirginsa ranar Talata ne, kuma har yau Khadijatu ba ta ce ya ƙaraso gida ba.