Sunan da Muka Aika Cikin Guga

Mun tashi da asuba ranar Juma'a, ni da ƙanwar marigayi maigidana, amma sai da rana ta fito sosai motar ta bar tasha. Direbobin hanyar Kakangi ba sa shiga daji ɗaya-ɗaya, sai sun haɗu su jera. Abin da ya fitar da mu kuwa, matar babban yarona ce ta sauka a Kaduna, an samu namiji, suna washegari. Uban jaririn kuma ya kafe, ba za a yanka rago ba sai da sunan da kakansa ya zaɓa. Kwana biyar muna neman Baba, mahaifin maigidana, a waya, kullum matar nan ta cikin waya sai ba mu haƙuri take. Na ce to, ƙafata dai ba ta jiran sabis.

Damina ta yi kyau, masara ta fi mutum tsawo, hanya kuma duk laka. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ce laifin fetur ne, wata tsohuwa ta ce da shi da fetur ɗin duk Allah na gani. Ya kunna rediyo. Mai labarai ya fara, "Gwamnati ta sanar da cewa," sai shuuu. Wani dattijo a gaba ya ce kullum daidai kwanar nan gwamnati ke yin shiru, shekara guda bai ji abin da ta sanar ba. Inda mota ta tsaya muka sha fura da nono a wurin wata Bafillatana, sannan muka hau babura muka ƙetare rafi, hadari na binmu a baya.

Mun sami Baba a zaure, rediyonsa a cinya, an ɗaura wayar eriyarsa a dogon gora har saman rufi. Ya ce yanzu da shi da rediyon tari kawai suke yi wa juna. Talabijin ɗin mai shayi ma, in ji shi, mai magana sai ya sandare da baki a buɗe har shayinka ya huce. Na nuna masa hoton jariri, wanda sai da na yini kafin ya buɗe mini a gari. Ya kai shi dab da ido, ya daɗe yana kallo.

Niyyata in karɓi suna in koma gari in buga waya. Ana saukowa daga masallaci ruwa ya ɓarke. Masu babur suka ce rafi ya cika, ba mai ƙetarewa sai gobe da azahar.

Nan aka ba ni labarin guga. A kan tudu bayan firamare akwai wata tsamiya, wani tela ya rataya igiya a reshenta na can sama. Za ka shirya saƙonka, a sa wayar cikin guga, a ja ta sama, a jira, a sauko da ita. Can ne kawai sabis ke leƙowa.

Baba ya sa babbar riga da hula, ya ce in ɗauke shi bidiyo. Ya yi addu'a tun daga kakanni, sannan ya faɗi sunan. Na sauke wayar. Sunan ɗansa ne, maigidana.

Da ruwa ya ɗauke muka hau tudu, Baba na dogara sanda. Tela ya duba wayar ya yi dariya. "Hajiya, wannan kayan ko jaki ba zai ɗauka ba." Muka ja Baba gefe ya maimaita da murya kaɗai. Sau uku guga na hawa yana saukowa, ɗan agogon nan na jikin saƙo bai gusa ba. Ga rana ta yi sanyi, kuma ba mai kaiwa magariba a tudun nan. Tela ya ce sai dai rubutu, shi ne mara nauyi, a faɗa masa ya rubuta. Baba ya girgiza kai. Ya ce suna ba ya shiga kunnen bare kafin a raɗa shi. Abokiyar tafiyata ba ta karatu, shi kuma ido ya tafi.

Sai ya juyo gare ni. "'Yar nan, ba ke aka ce kin yi yaƙi da jahilci ba?"

Shekara talatin da aurena a gidansu, bakina bai taɓa furta sunan nan ba, ko a asibiti sai dai wani ya faɗa. Na juya baya, na rufe wayar da mayafi, na danna baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda malamarmu ta koya mana. Ƙanwar maigidana tana ta tsokana, wai yau amaryar yayanta ta yi rashin kunya. Na ce yatsa ne, ba baki ba.

Guga ya hau. Muna tsaye muna kallon sama, sai muka ji ƙiririn daga cikin ganye. Da aka sauko da shi, ga amsar yarona: "Ya iso, Inna." Baba ya sa na karanta masa har sau biyu.

Ranar Asabar da la'asar muka dawo gida, zani duk laka. Muna shigowa gari wayar ta dinga kuka, hotunan suna na ta faɗowa, rabinsu har yau ba su buɗe ba. Masu sabis da masu gidajen rediyo, in wannan ya kai gare ku, akwai mutane a bayan dajin nan, suna da kunne, suna da jikoki, bai kamata sai da igiya za a ji su ba. Ni kuwa na koyi cewa karatun da na yi da furfura bai zo a makare ba. Jikana dai Abba nake ce masa. Mai son jin ainihin sunan, ya kawo takarda in rubuta masa.