Ɓerayen Motar Baba da Tattabaruna

Bara, a watan da soja suka tattara komatsansu suka miƙa wa farar hula mulki, Baba ya ce shi ma zai tayar da motarsa. Ta shekara biyu a tsaye saboda wahalar mai, har gizo-gizo ya ɗinka mata labule. Ya ce tunda ƙasa ta miƙe, bai ga dalilin da ita za ta ci gaba da kwanciya ba.

Gidanmu a Soron Ɗinki yake, kuma lungunmu ko jaki sai ya tsuke ciki kafin ya wuce. Sa'ar da muka yi, a bayan gidan akwai wani kango na kakanninmu da ya kalli titi. Baba ya sa aka yi masa ƙofar kwano ta waje, da 'yar ƙaramar ƙofa ta cikin gida. Nan motar take zaune, koriya, ba rumfa a kanta, rana ta dake ta, ruwa ya wanke ta. Nan kuma, a kusurwar gabas, tattabaruna suke.

Da guda biyu na fara, yanzu ga su goma sha huɗu. Fasassun tuluna na jera musu a jikin bango, kowacce da ɗakinta. Na san tafiyar kowacce, na san wadda ta fi son faɗa, na san wadda ba ta iya zama a kan ƙwai. In na yi fito ɗaya duk sai su sauko mini a kafaɗa. Umma takan ce da na san lissafi yadda na san tsuntsayen nan, da ni za a rantsar gwamna.

Kanikawa uku suka kwana huɗu a kan motar. Ranar da ta tashi, hayaƙin da ta yi sai da maƙwabta suka fito da bokitai. Amma fa Baba ba ya hawanta zuwa kasuwa. Da ƙafa yake tafiya rumfarsa ta huluna a Kurmi. Mota ta Juma'a ce da ɗaurin aure da ta'aziyya, sauran kwanakin tana kango tana shan rana.

Wata Asabar da safe aka yi ɗaurin aure a Madabo, inda da ƙafa ma an fi saurin zuwa. Baba ya sha babbar riga, ya kwaso abokansa biyu, suka zauna a ciki suna ta ƙamshi. Ya murɗa makulli. Shiru. Ya kunna fitila, sai hon ya yi kuka. Ya danna hon, sai waifa mai share gilashi ta shiga ɗaga musu hannu. Da ƙafar dai suka tafi.

Aka kira mai wayarin, wato mai gyaran wayoyin mota, wani siririn mutum mai filaya a aljihun gaba. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Alhaji," ya ce, "ashe kana da 'yan haya."

Muka leƙa. Wayoyi duk an feƙe su kamar an sha rake. A bayan batir an shimfiɗa gado da tsumman goge motar Baba da yagaggiyar fastar wani ɗan takara. Ga kashin ɓera nan ko'ina kamar an watsa baƙar shinkafa.

"Zan haɗa maka su," in ji mai wayarin, "amma za su dawo. Ɗumi suke so, kuma akwai abincin da ake zubarwa kusa da motar nan. Shi ya zaunar da su."

Baba ya juyo a hankali ya dubi kusurwar gabas. A daidai lokacin wata fara daga cikin tattabaruna ta ga ya dace ta sauka a rufin motar ta yi abin da ta saba. Ban taɓa ganin shaida ta kashe mai ita haka ba.

"Geronka ne," Baba ya ce.

Daga ranar na zama ministan tsaron mota. Na zuba kafur a inji har in ka wuce ta titi sai ka ɗauka akwatin amarya aka buɗe. Na ɗana tarko uku, suka cinye ƙuli-ƙulin suka bar mini tarkon a ɗane, kamar suna cewa a ƙaro. Na aro magen maƙwabta, ta shiga kangon ta dubi mota, ta dubi tattabaru, na ga inda zuciyarta ta karkata, na mayar da ita da gudu. Hajiya, kakata, mahaifiyar Baba, wadda ɗakinta yake dab da ƙaramar ƙofar, ta ba ni dakakken barkono cikin gwangwani ta ce in barbaɗa. Na barbaɗa. Ranar Juma'a da inji ya yi zafi, Baba ya yi atishawa tun daga ƙofar gida har masallaci.

Bayan mako biyu suka sake cin wayar. Wannan karon ta'aziyya za a je. Da mai wayarin ya tafi, Baba ya kira ni soro.

"Saura ɗaya," ya ce. "Ranar da aka sake kiran mutumin nan gidan nan, ranar za a ci farfesun tattabaru har maƙwabta su samu."

Baba ba ya maimaita magana. Na koma kango na zauna a ƙarƙashin tulunan, suna ta guɗa a kaina ba su san an yanke musu hukunci ba. Ba zan ɓoye ba, na yi hawaye. Ƙanwata kuwa har ta fara tambayar Umma ko da dankali za a yi.

Na kulle gero a gwangwani mai murfi. A tafin hannuna nake ba su, ƙwaya ɗaya ba ta faɗuwa ƙasa. Ina share kangon sau uku a rana. Amma kullum da safe in na ɗaga bonet sai in tarar da sabon kashi. Wani abin mamakin kuma, na rage wa tattabarun abinci amma sai ƙiba suke yi, har ba sa kula geron nawa. Da farko na ɗauka iya kiwona ne.

Ranar wata Talata na kasa zama a aji. Da aka fita tara, na zame ta bayan makaranta na nufo gida, na ce yau ido da ido zan ga ɓarayin nan. Ban bi ta soro ba, na kama katangar kangon ta titi na leƙa.

Na kusa sakin katangar. An yi wa motar Baba ado kamar za a kai ta gidan miji. Gyaɗa shimfiɗe a kan bonet. Ƙanzo a kan rufi. Yankakkiyar kuɓewa a kan but ɗin baya. Hajiya na zaune a kujera 'yar tsugunno a inuwar bango, da dogon kara a hannu tana korar tattabaruna, su kuma suna zagayowa ta baya suna ɗiba.

Na diro. "Tsohuwa! Me nake gani haka?"

"Au, maigida, koro ka aka yi ko kai ka kori kanka?"

"Motar Baba ce fa!"

"Ni na haifi Baban. Kai ka san daɗin ƙarfen nan kuwa? Damina ce, rana ba ta jiran kowa. Kafin hadari ya haɗu gyaɗata ta bushe ƙayau. Akuya ba ta hawa, kaji ba sa kaiwa. Sai dai waɗannan ɓarayin naka."

Ashe tun ranar da aka tayar da motar take wannan harka. Baba na fita kasuwa, ni ina tafiya makaranta, sai ta shimfiɗa. Kafin azahar ta kwashe. Ina tsaye ta tattara komai cikin faranti, sannan ta ɗauki 'yar tsintsiya ta share ɓurɓushin da ya rage, da ƙananan gyaɗar da ba ta so, ta tura su tsaf cikin ramukan nan da ke ƙasan gilashi, wajen waifa.

"Hajiya, ina suke zuwa?"

"Oho. Masu ƙera ta sun yi mata wajen zuba shara, ni kuwa in bar shi ya zauna banza?"

Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Na ce abincin nan cikin inji yake sauka, shi ɓeraye suke bi. Ta ce ɓera tun kafin a haifi ubana yake gidan nan, kada in ɗora mata jakar tsaba. Ta ƙara da cewa in na buɗe baki, ita ma tana da labarin wani yaro da aka gani a gida ranar Talata da hantsi.

Na ruga wajen Umma a kicin. Ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗen da take yi ba.

"Kul. Ni ban ji ba, ban gani ba."

"Umma, ashe kin sani!"

"Uwar mijina ce. So kake in tsaya gaban Babanku in ce mahaifiyarsa ce ta lalata masa mota?" Ta ci gaba da kaɗa rariya. Can ta ce, kamar da garin take magana, "A gidan nan dai mutum ɗaya ne zai faɗa wa Hajiya magana a gaban ɗanta ya kwana lafiya. Mijinta."

Washegari da safe Baba ya tsuguna a ƙofar ɗakin Hajiya yana gaishe ta, kamar kullum kafin ya fita. Na zo da kayan makaranta, na tsaya na riƙe ƙugu.

"Baba, ka zama shaida. Yau zan sallami matar nan."

"Ji mini ɗan nema," in ji Hajiya. "Da wane sadakin ka aure ni, mai ƙafa kamar sillen kara?"

"Na kama ta tana ciyar da ƙartai a bayan idona. Kullum sai ta kai musu gyaɗa da ƙanzo har ɗaki. Ni mijinta ko ɓawo ba ta ba ni."

Baba ya yi murmushi, don ya saba da wasanmu. "Su waye haka?"

"Masu gashin baki ne, da doguwar wutsiya. A cikin injinka suke haya."

Murmushin ya tsaya a inda yake. Maficin Hajiya ya wuce ta gefen kunnena.

"Munafuki!" in ji Hajiya. "To na yi shanya. Shanya laifi ce? Abu yana zaune kwana shida ba ya tsinana wa kowa komai, ni na samar masa aiki!"

Baba ya dubi ƙasa.

"A'a, Hajiya, ba laifi. Ai motar taki ce."

Nan na yi lissafi. In mota tata ce, shanya ba za ta tsaya ba, ɓeraye ba za su tashi ba, kuma maganar Baba tana nan daram. Wasan ya fita daga bakina. Na ce, "To Baba, farfesun fa?" Muryata ta fito 'yar siririya, ba irin ta mai sakin mata ba.

Hajiya ta dube ni ta daɗe. Sannan ta juya kan ɗanta.

"Kai, wai da gaske yanka su za ka yi?"

"Na riga na faɗa, Hajiya."

"To na warware. Ba mai taɓa tsuntsayen maigidana. In an yanka su wa zan dinga zagi da rana? Ka nemo mini ƙarfe irin wannan in bar maka tsiyarka."

Kwana biyu bayan haka wasu ƙarti biyu suka shigo lungunmu a karkace, ɗauke da tsohon bonet da Baba ya sayo wajen 'yan gwangwan. Yara suka biyo su suna tambayar ina sauran motar. Aka kafa shi a kan turaku huɗu a tsakar gida. Hajiya ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa, ta ce shuɗi ne, koren ya fi riƙe zafi, amma za ta yi haƙuri.

Mai wayarin ya dawo, Baba ya ce wannan zuwan ba ya cikin lissafi. Abin da mutumin nan ya zaƙulo daga ƙasan gilashi, na rantse ya isa a buɗe rumfa: gyaɗa, ƙanzo, har da busasshen tumatir da Hajiya ta ce ita ba ta tuna da shi ba. Ya ɗaure raga a bakin ramukan, ya naɗe wayoyin, ya ce a dinga tayar da inji kowace safiya ana barin bonet a buɗe na ɗan lokaci, don ɓeraye ba sa son ƙara da haske. Baba ya dube ni, ya dubi makullin, ya yi ajiyar zuciya, ya miƙo mini. Tun daga ranar 'yan hayar ba su dawo ba.

Sai dai Hajiya ta ce tunda a gaban shaida na sake ta, dole in yi biko. Kuma ba ta karɓar atamfa, 'yan shila biyu take so, ladan gyaɗarta da iyayensu suka sace. Na zaɓo su da hannuna ina kawar da kai. Ta sha romon a gabana tana lumshe ido.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ranar Juma'a, ina goge gilashi Baba na jira, ya ce, "Af, wai ranar da ka kama matar taka, wace rana ce ma?"

Tsumman ya tsaya a hannuna.

"Ni na aika a kira mini shi," in ji Hajiya daga bakin ƙaramar ƙofa, ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Ko sai na nemi izini kafin in ga mijina?"

Baba ya shiga mota. Ita kuwa ta dubi tulunan, ta dube ni, ta ɗaga mini yatsa ɗaya. Ɗan shila na uku ke nan.