Dutsen Ɗinkin Safar Elspet

Elspet Mutch tana da shekara goma sha uku ta tsinci dutsen, ana tonon dankali a gonar babanta kusa da ƙauyen Tarland. Baƙi ne, girmansa kamar lemo, an sassaƙa masa ƙululu shida masu santsi. Ta jefa shi aljihu, da shi kuma ta tafi gidan miji. Shekara arba'in da ɗaya, duk safar mijinta Dod da ta huje, a ciki take cusa dutsen ta ɗinke diddigen a kansa. Bara Dod ya rasu, amma ba ta daina gyara safunansa ba.

Sai Netta, matar ɗanta, mai rawar kai, ta ɗauki hoton dutsen ta tura gidan tarihi. Ko shawara babu!

"Mama, ya kai shekara dubu biyar fa. Doka ta ce na hukuma ne."

"Hukumar ce ta duƙa tonon dankalin?"

Ƙarfin halin Elspet a baki ne kawai. Kwana tara ba ta ci abin kirki ba. Ko mota ta ji a hanya sai ta leƙa ta taga. Ta ɓoye dutsen cikin garin alkama, ta ciro. Ta kai rumbu, ta dawo da shi. Karɓewa za su yi? Me za ta riƙe in ta zauna a kujerarta?

Ran Talata wata mata ta zo daga gidan tarihin, har da safar hannu, don Allah, saboda dutsen da ya sha faɗuwa cikin tokar murhu.

Elspet ta ce, "To malama, ke da kika yi karatu, na mene ne?"

"Ba mu sani ba. Wasu sun ce makami ne, wasu na awo, wasu na ado."

"Ba ku sani ba, amma za ku tafi da shi."

Matar ta sunkuyar da kai. "Dole ne, Mama. Za a rubuta sunanki a gefensa."

Dutsen yana cikin safar Dod mai ruwan toka, allura a soke, saura rabin diddige. Elspet ta ɗauki safar, ta zare allurar, sau uku zaren ya ƙi shiga kafarta.

"Netta, ɗora mata shayi," ta ce. "Sai na gama wannan."

Ta ja zaren a hankali. Ba ta taɓa jinkirin ɗinki irin na ranar ba.